Tambaya da Amsa: Rediyon Jirgin Ruwa da Ƙa'idojin Amfani da Shi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun karkata ne ga abu guda, wato rediyon da ake ɗaurawa a jiragen ruwa manya da ƙanana, wanda ma'aikatan ruwa suka fi sani da VHF, wasu kuma suke kiransa oba-oba. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, mun kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sayi ƙaramin jirgi mai inji, ina fita kamun kifi kusa da gaɓar teku. Wayata ba ta rabuwa da ni, kuma sau da yawa ina samun sabis a kan ruwa. Shin akwai dalilin da zai sa in ƙara da rediyo? Daga wani sabon matuƙi.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya sa jirgin ya zama na alheri. Akwai dalili, kuma babba ne. Waya tana sada ka da mutum ɗaya, wanda ka san lambarsa, idan ya ɗauka. Rediyo kuwa yana kai muryarka kunnen duk wanda ke saurare a kewayenka a lokaci guda: masu aikin ceto da ke gaɓa, da babban jirgin dakon kaya da ke wucewa, da masuncin da ke bayan tsibiri wanda ba ka ganinsa. Idan ruwa ya fara shiga jirgi, wanda ya fi kowa iya tsamo ka shi ne jirgin da ya fi kusa da kai, kuma kusan kullum ba ka san mai shi ba, balle ka san lambar wayarsa. Wannan shi ne tushen duk abin da zan faɗa a wannan fili yau: amfanin rediyo ya rataya ne a kan cewa kowa yana ji.

Bayan haka, turakun sabis ɗin waya an kafa su ne domin mutanen tudu, saboda haka sabis yakan yanke ba sallama da zarar ka yi nisa kaɗan ko ka shiga bayan wani dutse. Fuskar waya ba ta jin yatsa idan ta jiƙe, kuma batirinta yakan ƙare da sauri a inda take fafutukar neman sabis. Jiragen ceto da yawa suna da na'urar da ke nuna musu ɓangaren da muryar rediyo take fitowa, su bi ta har su iso gare ka ko da ba ka iya faɗin inda kake ba. Ta rediyo ne kuma tashoshin gaɓa, wato tashoshin rediyon da ke tudu masu sauraren jirage, suke karanto hasashen yanayi da gargaɗin hadari a lokutan da suka tsara. Ka riƙe wayarka a cikin jakar da ruwa ba ya shiga, domin ita ma tana da ranarta, amma kada ka ɗora ran mutanen da ke jirginka a kanta ita kaɗai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, rediyon da aka ɗaura mini yana da layuka fiye da hamsin, na rasa wanda zan taɓa. Na ji ana cewa kowa ya tsaya a kan layi na 16, to me ya sa ranar da na tsaya hira da abokina a kansa wani ya tsawata mana? Daga mai jirgin shaƙatawa.

AMSA: Malam, wanda ya tsawata muku yana da gaskiya, ko da yake ina fata ya yi hakan cikin ladabi. Layi na 16, wanda ke kan megahaz 156.8, duniya ta keɓe shi ne domin abubuwa uku kawai: kiran neman agaji, da sanarwar da ta shafi tsaron rayuka, da kiran farko da jirgi yake yi wa wani kafin su koma wani layin. Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, mai mazauni a birnin Janiba, ita ce ta shimfiɗa wannan tsari, kuma dokokinta sun ce maganar da ba ta agaji ba kada ta wuce minti ɗaya a wannan layi. Dalilin yana cikin yadda na'urar take aiki. A irin wannan layi murya ɗaya ce take wucewa a lokaci guda, kuma mai ƙarfi tana danne mai rauni. Yayin da kuke labarin kifin da kuka kama da rediyo mai ƙarfin wat 25, mai yiwuwa wani yana can nesa da ɗan ƙaramin rediyon hannu yana ihun cewa jirginsa ya kife, amma muryarku ta binne tasa, kuma ba za ku taɓa sanin an yi haka ba.

Ga yadda ake kira. Da farko ka saurara na ɗan lokaci, ka tabbata ba wanda ke magana. Sai ka kawo abin magana kusa da bakinka, tazarar yatsu biyu ko uku, ka danna maɓallin da ke gefensa, ka jira kamar daƙiƙa ɗaya domin kada kalmarka ta farko ta gutsure, sannan ka ambaci sunan jirgin da kake nema, ka bi da naka. Mu ƙaddara sunan jirginka Alheri, na abokinka kuma Nasara. Sai ka ce: "Nasara, Nasara, nan Alheri, Alheri, oba." Ka saki maɓallin, domin muddin yatsanka yana kansa ba za ka ji amsa ba. Idan ya amsa, ɗayanku ya ce: "Mu koma layi na 72, oba." Ku koma can ku yi maganarku, idan kun gama ku dawo 16 ku ci gaba da saurare. Idan bai amsa ba, kada ka dinga rafka kira ba ƙaƙƙautawa. Ka dakata kamar minti biyu ka sake. Kalmar "oba" tana nufin ka gama kana jiran amsa, "aut" kuma tana nufin magana ta ƙare ba ka jiran komai, don haka ba a haɗa su a jimla ɗaya.

Layukan da aka ware domin magana tsakanin jirgi da jirgi a tsarin duniya sun haɗa da 6 da 8 da 72 da 77. Layi na 13 na matuƙa ne, domin su daidaita yadda za su wuce juna lafiya, musamman a mashigar tashoshin jirage da wuraren da hanya ta matse. Layi na 70 ba a magana a kansa sam, na saƙonnin na'ura ne, kuma zan zo kansa a gaba. Kowace tashar jirage tana da layin aikinta, wanda za ka samu a littattafan jagorar ruwan yankin. Ka kuma duba saitin rediyonka, domin yawancinsu suna da tsari uku, na duniya da na Amurka da na Kanada, kuma lamba ɗaya takan iya zama mita daban a tsakaninsu. Mutane biyu suna iya kasancewa a layi mai lamba ɗaya amma ba sa jin juna saboda wannan kawai.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ƙarfin murya. Rediyon da ake ɗaurawa a jirgi yana da mataki biyu, wat 25 da wat 1. Idan kana hangen jirgin da kake kira da idonka, wat 1 ya ishe ka, kuma ka bar wa mutanen da ke nesa damar amfani da layin. Idan ka gama, ka rataye abin maganar a maƙalinsa. Sau da yawa akan jefar da shi a kan kujera, wani ya zauna a kai, maɓallin ya danne, layi ya toshe wa kowa, ana ta jin hirar cikin jirgin, masu shi kuwa ba su da labari.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da rediyon hannu mai wat 5, amma da na ɗan yi nisa sai a daina jina. Ko in nemi wanda ya fi shi ƙarfi? Daga wata mai karatu da ke tuƙa kwale-kwalen wasanni.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalarki ta fi alaƙa da tsayin eriya fiye da ƙarfin rediyo. Muryar VHF tana tafiya ne a miƙe, kusan kamar haske, ba ta bin lanƙwasar doron duniya sai kaɗan, saboda haka iyakarta tana ɗan gaba da inda ido yake ganin sama ta haɗu da ruwa. Akwai lissafi mai sauƙi: a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin eriya a mita, a ninka ta da 4, abin da ya fito shi ne kimanin nisan a kilomita, sannan a yi wa ɗaya ɓangaren haka a tara. Eriyar da take mita 1 daga fuskar ruwa, kamar taki idan kina zaune, tana kai kilomita 4. Idan wanda kike kira ma haka yake, kun sami kilomita 8 ke nan a rana mai kyau, ƙasa da haka idan igiyar ruwa tana tashi tana shiga tsakaninku. Eriyar da ke kan tirke mai tsayin mita 9 tana kai kilomita 12, tashar gaɓa mai eriya a kan tudu mai mita 100 kuma tana kai kilomita 40. Shi ya sa za ki iya jin tashar gaɓa raɗau alhali jirgin da ya fi ta kusa ba ya jin ki.

Rediyon hannu ba ya wuce wat 5 ko 6, don haka canza shi ba zai ƙara miki abin kirki ba. Ki riƙe shi a tsaye, eriya tana kallon sama, ki ɗaga shi gwargwadon abin da ba zai sa kwale-kwale ya kife ba. Ki ɗaure shi a jikin rigar cetonki da igiya, domin rediyon da ke cikin jaka a ƙasan kwale-kwale ba zai amfane ki ba idan kin faɗa ruwa iska ta ja kwale-kwalen. Idan an rubuta IPX7 a jikinsa, ma'anarsa yana jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30, amma wannan ba ya nufin yana yawo a kan ruwa. Wannan siffa ce daban da ya kamata ki tambaya.

TAMBAYA: Malam, injina ya taɓa mutuwa a tsakiyar ruwa, na rasa ko in yi kiran Mayday ko in yi shiru, domin ina tsoron a ce na tayar da hankalin jama'a a banza. Yaushe ne ya halatta a yi wannan kira, kuma me ake faɗa? Daga wani dattijon masunci.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan tambaya ita ce mafi nauyi a cikin duk waɗanda suka zo, kuma zan ɗan daɗe a kanta.

Kiran gaggawa mataki uku ne, kowanne da kalmarsa, kuma ana maimaita kalmar sau uku a farkon kira. Mayday, wadda ake furtawa "meide", ta hatsarin da ke gab da cin rai ko jirgi ce, wanda ke bukatar agaji nan take: jirgi yana nutsewa, gobara ta tashi, mutum ya faɗa ruwa an kasa tsamo shi, ko wani ya yanke jiki ya faɗi ba ya numfashi. Pan-Pan ta matsala ce mai tsanani wadda ba ta kai ga barazanar mutuwa nan take ba, kamar mutuwar inji a ruwa mai kwanciya nesa da duwatsu, ko karyewar abin juya jirgi, ko rauni da ke bukatar shawarar likita. Ta uku, wadda ake furtawa "sekurite", ta gargaɗi ce ga sauran jirage, misali idan kun ga ƙaton gungume yana yawo a kan hanya ko fitilar alama ta mutu. Ana shelarta a layi na 16, a faɗi layin da za a karanta bayanin, a koma can.

Saboda haka mutuwar injinku, idan ruwa yana kwance kuma anga ta kama ƙasa, Pan-Pan ce. Amma idan iska tana tura ku zuwa kan duwatsu, ko kuna tsakiyar hanyar manyan jirage dare yana yi, ta zama Mayday, kuma ba wanda zai zarge ku. Ra'ayina, wanda na tsaya a kai, shi ne jinkirin kira ya fi yawan kira halaka mutane. Kunya takan sa matuƙi ya yi ta fama da inji shi kaɗai har batir ya yi sanyi, rana ta faɗi, iska ta ƙaru, sai ya ɗauki rediyo a lokacin da muryarsa ba ta kai ko'ina. Masu aikin ceto sun fi son a sanar da su tun matsala tana ƙarama, ko da daga baya za a ce musu an gyara, an gode.

Tsarin kiran Mayday ba ya canzawa, kuma an jera shi ne yadda ko da magana ta yanke a tsakiya, mafi muhimmanci ya riga ya fita. Ku sa rediyo a layi na 16, a kan wat 25, ku danna ku ce:

"Mayday, Mayday, Mayday. Nan Alheri, Alheri, Alheri. Mayday, Alheri. Muna mil 2 kudu da fitilar mashigar tashar jirage. Ruwa yana shigowa ta ƙasan jirgi, famfo ya kasa. Muna neman agaji nan take. Mu biyar ne, kowa ya sa rigar ceto. Jirgin fari ne mai shuɗin rufi, tsawonsa mita 8. Oba."

Idan jirgin yana da lambar kira ta rediyo da lambar MMSI, wato lambar shaidar jirgi da hukumar ƙasa take bayarwa, ana faɗinsu bayan suna. Wurin da kuke shi ne zuciyar saƙon. Idan akwai GPS, ku karanta lambobin da ta nuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda mai rubutawa zai iya bi. Idan babu, ku faɗi nisa da kusurwa daga wata alama da kowa ya sani. Mil ɗin teku ɗaya mita 1,852 ne. Yawan mutane ma ba abin wasa ba ne, domin da shi masu ceto suke sanin ko sun tsamo kowa ko saura wani a ruwa. Bayan kun gama ku saki maɓalli ku saurara, idan ba amsa ku maimaita. A ruwan da jiragen ƙasashe daban-daban suke bi, Turanci ne harshen aiki, har Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta amince da jerin jimlolin da aka daidaita domin haka a shekarar 2001. Wanda bai iya Turanci ba, sai ya faɗi kalmar Mayday da sunan jirgi da lambobin wurinsa, ya ci gaba da harshen da ya iya, domin wannan ya fi shiru nesa ba kusa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, Baba. Ku sa a rubuta wannan tsari da manyan haruffa a takarda, tare da sunan jirgi da lambobinsa, a rufe ta da leda a manna kusa da rediyo, ku kuma koya wa ƙaramin yaron da ke cikin ma'aikatanku yadda ake yi. Mai yiwuwa ne ranar da za a bukaci kiran, matuƙin ne kansa ya faɗa ruwa.

TAMBAYA: Akwai wani jan maɓalli a rediyonmu da aka rufe da ɗan murfi. Ɗana ya buɗe ya danna, rediyo ya yi ƙara, na tsorata na kashe shi. Na yi daidai? Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, tsoron ya dace, amma kashewa kaɗai ba ta wadatar ba. Wannan maɓalli na tsarin da ake kira DSC ne, wanda ke aika saƙon neman agaji a rubuce ta layi na 70, cikin ƙiftawar ido, zuwa kowane rediyo mai irin wannan tsari da ke kewaye, ya sa su ƙara mai tayar da mai barci. Yana cikin babban tsarin agajin teku na duniya, GMDSS, wanda aka fara shigo da shi a 1992 aka kammala a ranar 1 ga Fabrairu, 1999. An yi shi yadda sai an danne shi na wasu daƙiƙoƙi kafin saƙo ya fita, kuma idan ya fita, rediyon yana maimaita shi da kansa kusan kowane minti huɗu har sai wata tasha ta amsa.

Idan saƙon ya riga ya fita, to akwai mutanen da suka ɗauka wani yana mutuwa, kuma shirun da ya biyo baya zai ƙara tabbatar musu cewa jirgin ya nutse. Abin yi shi ne a tsayar da maimaitawar, ta hanyar zaɓin sokewa da sababbin rediyo suke da shi ko ta kashewa da sake kunnawa, sannan a hau layi na 16 a yi shela ga dukkan tashoshi, a faɗi sunan jirgi da lambarsa ta MMSI da lokacin da abin ya faru, a ce an soke kiran, kuskure ne. Ƙa'idar da IMO ta shimfiɗa ita ce ba a saba hukunta wanda ya yi kuskure ya kuma sanar nan da nan ba. Wanda doka take kamawa shi ne mai kiran ƙarya da gangan, kuma ya cancanci hakan, domin yakan fitar da ma'aikata cikin hadari a banza, ya janye su daga inda ake bukatarsu.

Tunda an taɓo maɓallin, bari in ja hankalin kowa ga abubuwa biyu da ke mayar da shi mai amfani. Na farko lambar MMSI, mai alƙaluma 9, waɗanda ukun farko suke nuna ƙasar da aka yi wa jirgi rajista. Hukumar ƙasa ce take bayar da ita, kuma da ita masu ceto suke buɗe bayanin jirgi da na mutanen da za a tuntuɓa. Rediyo da yawa ba sa aika saƙon DSC idan ba a shigar da ita ba, kuma yawancinsu sau ɗaya suke ba da damar shigarwa, don haka a natsu wajen bugawa. Wanda ya sayi rediyo na hannun wani ya sani cewa lambar tsohon mai shi tana ciki, sai an kai wa dillalin na'urar ya goge. Na biyu haɗa rediyon da GPS, idan ba shi da ita a cikinsa. Saƙon da ya fita babu wuri yana gaya wa masu ceto cewa wani yana cikin hatsari, amma bai gaya musu inda za su nufa ba. A hatsari na gaske, a danna jan maɓallin, a jira kamar daƙiƙa 15, sannan a bi shi da kiran Mayday na baki a layi na 16. Shi kuwa yaron, kada a hana shi sanin maɓallin. A nuna masa abin da yake yi da ranar da ake taɓa shi.

TAMBAYA: Malam, ni kashe rediyona nake yi sai ina bukatarsa, domin shuuu ɗin da yake yi yana damuna. Kuma idan ma na ji wani yana neman agaji, me ɗan ƙaramin jirgina zai iya? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗana, wannan shuuu yana da magani. Akwai abin murɗawa ko maɓalli da aka rubuta SQL a kansa. Ka sassauta shi har ƙarar ta fito, ka daidaita ƙarfin lasifika yadda kake so, sannan ka murɗa shi a hankali zuwa daidai inda ƙarar ta ɗauke, ka tsaya nan. Idan ka zarce, za ka toshe muryoyi masu rauni, waɗanda su ne na mutanen da ke nesa ko waɗanda batirinsu ya kusa ƙarewa.

Batun kashewa kuwa, tarihi ya riga ya yanke hukunci a kansa. A daren 14 ga Afrilu, 1912, da jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara, akwai jirgi mai suna Californian a kusa, amma ma'aikacin rediyonsa guda ɗaya ya riga ya kashe na'ura ya kwanta. Jirgin Carpathia, da ke nisan kimanin mil 58, shi ya ji kiran ya taho, ya iso bayan Titanic ya nutse, ya kwashe mutum kimanin 700, wasu kimanin 1,500 kuma suka rasu. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta farko, SOLAS, wadda aka sa wa hannu a Landan a 1914, ta fito ne daga wannan masifa, kuma sauraren rediyo ba dare ba rana yana cikin abin da ta tanada. Kai kana so a ji ka ranar da ka kira, wannan kuwa ba zai yiwu ba sai idan wasu sun bar nasu a kunne, kamar yadda su ma suke dogara da naka.

Idan ka ji Mayday, ka dakatar da duk wata magana, ka ɗauki biro ka rubuta sunan jirgi da wurinsa da yawan mutane. Ka ba tashar gaɓa dama ta amsa, domin ita ce mai jagorantar aikin. Idan ta amsa kuma kana kusa, ka sanar da ita inda kake da lokacin da za ka iya isa. Idan ba wanda ya amsa, kai ka amsa da baki a layi na 16, sannan ka miƙa kiran gaba da kalmomin "Mayday Relay" sau uku, ka faɗi sunanka, ka karanta abin da ka rubuta, domin mai yiwuwa eriyarka ta kai inda tasa ta kasa. Idan ƙarar DSC ce ta tashi a rediyonka, kada ka amsa ta da na'ura, domin hakan yana iya tsayar da maimaitawar kafin tashar gaɓa ta ji. Ka koma 16 ka saurara. Idan ka ji an ce "silons meide", umarni ne kowa ya yi shiru a layin, har sai an ce "silons fini". Dokar teku ta ɗora wa matuƙi nauyin kai agaji ga wanda ke cikin hatsari muddin ba zai jefa jirginsa da mutanensa cikin halaka ba, kuma ƙaramin jirgi yakan shiga ruwa marar zurfi da babba ba ya iya kusanta.

TAMBAYA: Shin sai da lasisi ake amfani da shi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ya danganta da ƙasar da jirgin yake da rajista, Malam. A Birtaniya ana bukatar lasisin na'urar da kuma takardar shaidar cewa mai amfani ya yi horo. A Amurka ƙananan jiragen shaƙatawa da ba sa zuwa tashoshin wasu ƙasashe ba sa bukatar lasisin VHF. Ka tuntuɓi hukumar sadarwa ko ta sufurin ruwa ta ƙasarka, kuma ko ba a tilasta maka ba, ka yi horon, gajere ne. A lokacin hatsari na gaske kuwa, kowa yana da izinin ɗaukar rediyo ya nemi agaji, da lasisi ko babu.

TAMBAYA: Malam, ta yaya zan tabbata rediyona yana aiki kafin in fita, kuma me zan yi idan tafiyata za ta wuce inda yake kaiwa? Daga mai jirgin haya.

AMSA: Ɗan'uwa, jin muryoyin wasu ba shaida ba ce cewa su ma suna jin ka, domin rediyo mai lalatacciyar eriya yakan karɓa amma ya kasa aikawa da nisa. Ka yi gwaji da wani jirgi ko ofishin tashar jirage a layin aiki, gwamma da wanda ke da ɗan nisa, ka bar layi na 16 ya huta. Jan maɓalli ba a gwada shi. Rediyo masu DSC suna da kiran gwaji na musamman a cikin jerin saitinsu. Yawancin lalacewa tana faruwa ne a mahaɗar waya da eriya, inda gishiri da danshi suke cin ƙarfe har ya yi kore, don haka ka kwance ka duba lokaci-lokaci, kuma kada ka danna maɓallin magana alhali eriya a cire take, domin yana iya ƙona na'urar. Rediyo mai wat 25 yana jan wuta kimanin amfiya 5 zuwa 6 yayin magana, saboda haka batir mai rauni yakan kunna shi lafiya amma ya durƙushe da zarar ka danna. Akwai kuma wata matsala da ba kowa ya sani ba: wasu fitilun LED marasa inganci suna fitar da hayaniyar da ke kurmantar da rediyo, har dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka suka fitar da gargaɗi a kai a 2018. Gwajin mai sauƙi ne: ka kashe fitilun, ka sa rediyo a layin da ba kowa, ka daidaita SQL daidai inda ƙara ta ɗauke, ka kunna fitilun, idan ƙarar ta dawo, su ne. Ka ajiye rediyon hannu mai cikakken caji a jakar gaggawa, domin idan ruwa ya kai ga batirin jirgi, babban rediyo ya tafi tare da shi.

Idan tafiyarka za ta wuce inda tashoshin gaɓa suke ji, kana bukatar na'urar EPIRB, wadda ke aika saƙo a megahaz 406 zuwa taurarin ɗan'adam na tsarin Cospas-Sarsat, daga can a miƙa shi ga cibiyar ceto, sannan tana fitar da wata siririyar murya a megahaz 121.5 da masu ceto suke bi idan sun matso. Dole ka yi mata rajista da sunan jirginka, ka duba ranar ƙarewar batirinta da aka buga a jikinta, ka kuma ɗaura ta inda hannu zai kai gare ta cikin duhu. Kafin ka tashi, ka bar wa wani amintacce a tudu bayanin hanyar da za ka bi, da yawan fasinjojinka, da lokacin da idan ya wuce ba ku dawo ba zai kira hukumar ceto.